Takardar Harajin Gida Ta Zo Da Sauƙi: A Biya A Yi Shiru, Ko A Je A Tambaya?

  

Maganarmu ta yau wani bawan Allah ne ya jawo ta. Falken shanu ne, yana da gida a wani gari na ɓangaren Nijar, ba nisa da iyaka. Ya fitar da shaguna a jikin katangar gidan ya zuba 'yan haya. Ya kira ni ran wata Alhamis daga kasuwar Maigatari, ina jiyo kukan shanu ta bayansa. Ya ce, "Malam, ɗana ya bugo mini yanzu, wai takardar lanhon gida ta zo. Bara jika sittin na biya, bana jika tara aka rubuto. Abokaina nan duk sun ce Allah ne ya dube ni, in aika a biya in ja bakina in yi shiru. Kai mi ka gani?"

Na ce masa, Alhaji, Allah yana duban bayinsa, wannan babu shakka. Amma ofishin haraji ba a san shi da kyauta ba. In ka kai sa kasuwa kana sa ran kuɗi kaza, wani ya zo ya taya shi ninki biyu tun ba ka buɗe baki ba, ai ba murna kake fara yi ba, kallon mutumin kake yi da kyau, ka duba kuɗin nasa. To haka nan in wanda ke binka ya zo da kansa ya ce bana kashi ɗaya cikin bakwai kawai yake so. Akwai dalili. Wataƙila dalilin mai daɗi ne, wataƙila ba mai daɗi ba ne, amma sai ka san shi.

Da yawanmu da ke wannan harka gidan da muka gina a gari shi ne abin da muka ajiye wanda fari ba ya kashewa, ɓarayin shanu ba sa korawa. Mutum ya sayar da shanu goma ko ashirin ya kafa bulo. Amma kuma mu ne ba ma zama. Wata biyar, wata bakwai mutum yana kudu da dabbobi, ko yana kai da komowa tsakanin Jibiya da Maraɗi, tsakanin Illela da Birnin Ƙonni. Takarda ta zo, yaro ya karɓa, ko ɗan haya, ko maƙwabci. Abin da ke iso ka a waya adadi ne kawai. Shi ya sa wannan magana ta fi shafar mu a kan ma'aikacin da ke kwana gidansa kullum.

Abu na farko da na tambayi Alhajin: wace takarda ce? Ya ce ta lanho mana. Na ce wane lanhon? Ya yi shiru.

Kun ga nan ne ake fara ruɗewa, don a bakinmu komai haraji ne, komai lanho ne. A Nijar akwai kuɗin kai, wanda ake biya ta hannun mai gari ko mai unguwa ko Ardo, na ma'aikatar magajin gari ne, kuma bai taka kara ya karya ba. Akwai patanti, na sana'a ne, na mai shago. Sannan akwai harajin gini, wanda ke hannun babbar hukumar haraji ta ƙasa, DGI, kuma lissafinsa yana bin abin da ginin zai iya kawowa na haya. A wannan lissafi gidan da kake ciki da iyalinka daban, gidan da ka ba haya daban, shago daban.

A Nijeriya kuma abu biyu ne ake yawan gwamutsawa. Dokar filaye ta 1978 ta sa ƙasa a hannun gwamnan jiha, shi ke ba da takardar shaidar mallaka da ake kira C of O, kuma mai wannan takarda yana biyan kuɗin ƙasa ga jiha duk shekara. Wannan na fili ne, ko ka gina ko ba ka gina ba. Sai kuma harajin gini, wanda tsarin mulkin 1999 ya sa ƙiyasta shi cikin ayyukan ƙaramar hukuma. Wasu jihohin sun haɗe su a takarda ɗaya, wasu suna nan a rabe. Dattawa kan ce mini ai an soke haraji tun zamanin Rimi. Gaskiya ne a 1979 Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna sun soke harajin kai da jangali, kuma a lokacin Jigawa tana cikin Kano, Katsina tana cikin Kaduna, don haka yawancin masu jin mu a wancan ɓangare ya shafe su. Makiyayi ba zai manta da ranar da aka daina ƙirga masa shanu ba. Amma wannan sokewar ba ta taɓa kuɗin ƙasa ba.

To sau da yawa ƙaramar takardar da ta zo ba rangwame ba ce, wani harajin ne dabam, babbar tana tafe ko ta ɓata a hanya. Ka sa a duba saman takardar a karanta maka wace hukuma ce ta aiko, kuma ta wace shekara ce. In ta bara tana nan, a ajiye su gefe da gefe.

Na biyu, kuma kada ku yi dariya, a sake karanta adadin. Mu nan bakin iyaka lissafi biyu ke kanmu. A takarda sefa ake rubutawa, a baki kuma dala muke ƙirgawa, dala ɗaya sefa biyar. Yaro ya ga 25 000 a takarda, ya juya ta a ransa ya ce maka "dubu biyar", yana nufin dala, alhali jika 25 ce cur. Kai kuma kana tsakiyar kasuwa, kanka cike da naira, ka ji dubu biyar ka ce alhamdulillahi. Sannan masu boko na Faransanci ba sa raba dubbai da waƙafi irin na Nijeriya, fili suke bari ko su ɗiga aya. Yaron da ya yi makaranta a Daura zai iya ganin 60.000 ya ce sittin ne. Yanzu da waya ta yawaita, a ɗauki hoton takardar gaba da baya a turo maka ta WhatsApp, ka nuna wa wanda ya iya karatun ƙasar da ta fito.

In takardar ita ce, adadin ma shi ne, to an zo wurin da nake so mu daɗe.

Takardar haraji ba daga sama take faɗowa ba. Akwai kundi a ofis, ko a takarda ko a kwamfuta, inda aka rubuta: fili mai lamba kaza, a unguwa kaza, na wane ɗan wane, akwai gini iri kaza a kai, ana yin abu kaza da shi. Daga wannan kundi ake fitar da adadi. Saboda haka in adadin ya faɗi warwas, gidanka kuma bai rushe ba, 'yan haya ba su tashi ba, doka ba ta canza ba, to abin da ke cikin kundin ne ya daina kama da gidanka. Kuɗin da ka ga sun ragu alama ce kawai. Ainihin abin da ya kamata ya dame ka shi ne: hukuma wane gida ta sani, kuma na wa ta san shi?

Ku duba suna. Mu Hausawa da Fulani sunayenmu kaɗan ne, a unguwa ɗaya za ka samu mutum huɗu suna ɗaya, sunan uba ɗaya, dukansu Alhazai. Ga kuma rubutu: abin da aka rubuta da harafin Faransanci a katin ɗan ƙasa ba shi ne ke kan takardar cinikin da aka yi a Nijeriya ba. Ku duba lambar fili. Ku duba unguwa. Ku duba abin da aka ce yana kan filin.

Abin da na fi gani shi ne wannan. Mutum ya sayi kango ko tsohon gida, aka rubuta takardar ciniki gaban mai unguwa da shaidu, aka yi fatiha, aka watse. Bai je ofis an juya suna ba, don juyawar tana cin kuɗi, kuma yana sauri damina ta kawo kai. Ya rushe, ya gina na siminti, ya fitar da shaguna. A kundi kuwa har gobe ɗaki biyu ne na laka da sunan mai gidan farko. Takarda za ta riƙa zuwa da sauƙi, shi kuma yana biya yana jin daɗi. Shekara goma yana tara rasit da sunan wani. Ran da mai gidan farko ya rasu, 'ya'yansa suka tashi rabon gado, wani cikinsu ya je ofis ya tarar da gida na nan da sunan ubansu, haraji ma biye ba bashi. Mai unguwan da ya shaida ya rasu, shaidu ɗaya ya rasu ɗaya ya koma Agadas. Rasit ba shi ne takardar mallaka ba, kowane alƙali zai gaya maka haka, amma ran rigima ana ɗora shi a kan tebur, kuma sunan da ke kai shi yake taimaka wa. Kai da kuɗinka ka yi shekara goma kana gina wa abokin shari'arka hujja.

Makiyayi ya fi kowa gane wannan. In ka sayi saniya a kasuwa ba ka tafiya sai da tikiti, don ka san a hanya za a tare ka a tambaya. Kuma ba ka barin ta shekara da shekaru ba wanda ya san taka ce sai wanda ya sayar maka. To me ya sa gidan da ya ci shanu ashirin za a bar shi da shaidar wani?

A Nijar filin da ma'aikatar magajin gari ta yanka yana da takardarsa, wadda za ku ga an rubuta Acte de cession a samanta, kuma in an sayar akwai hanyar juya suna. Sama da ita akwai babbar takardar mallaka da ake yi a ofishin kundin filaye. Wanda ya sayi gefen gona a ƙauye kuwa, tun dokar karkara ta 1993 akwai kwamitocin filaye, waɗanda ake kira Kofo, daga matakin gari har na gunduma, suna ba da takardar shaidar ciniki. A Nijeriya in fili mai C of O ne, ciniki ba ya cika a idon doka sai da amincewar gwamna, ta hannun ma'aikatar filaye. Ƙaramar takardar haraji tana iya zama ita ce ƙararrawar da ke gaya maka ɗaya daga cikin waɗannan matakai ba a taka shi ba.

Ba na so in tsorata kowa, don akwai sauƙin da yake halak malak. Wataƙila bara ka yi ƙorafi cewa an cika maka kuɗi, aka duba aka rage, ka manta. Wataƙila ka biya fiye da ƙima aka cire maka a ta bana. Wataƙila 'yan haya sun tashi ka dawo da iyalinka, kuma an sanar da ofis. Lokacin da Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, da kuma rufewar da ta biyo bayan juyin mulkin Yulin 2023, shaguna da rumbunan ajiya da yawa a garuruwan iyaka sun zauna wayam, kuma wanda ya kai maganarsa ofis yana iya ganin canji. Wani lokacin ma takardar ta kashi ɗaya ce cikin biyan da aka rarraba. In ɗaya daga cikin waɗannan ne, madalla, tambayar ba ta rage ka da komai ba, ka dawo da kwanciyar hankali.

Akwai kuma sauƙin da ba daga ofis ya fito ba sam. Wani zai zo ƙofar gida da jaka da ɗan littafin rasit, ya tarar maigida ba ya nan, ya ce wa uwargida ko yaro: kuɗinku dubu kaza ne, amma ku kawo kaza in rufe muku. Wani ɗan damfara ne tsantsa. Wani kuwa ma'aikaci ne na gaske amma aljihunsa yake wa aiki. Ko wanne ne, sakamakon ɗaya: a kundi ba ka biya ba. A ɓangaren Nijeriya jihohi da dama sun koma biya ta banki da lambar biya, a Kaduna ma doka ta hana karɓar haraji tsaba hannu da hannu. A Nijar ka biya a wurin karɓar kuɗi na ofis, a ba ka resi mai lamba da hatimi. Ku gaya wa iyali tun kafin ku fita: duk wanda ya zo da maganar harajin gida a karɓi takarda, kada a ba da ko dala.

Yanzu bari in faɗi abin da ke ran kowa, don na san wasu suna jin mu suna girgiza kai. Za su ce Malam, a bar kaza cikin gashinta. Wa ke tashin mai karɓar haraji daga barci? Kai da ƙafarka ka je ka ce an yi mini sauƙi, ku ƙara? Kuma me muka gani a ƙasa? Unguwa ba kwalbati, ba ruwan famfo, burtalin da muke bi an cinye shi da gonaki da gine-gine, a hanya kuma shinge nawa ake tare mu daga nan zuwa Legas ko Fatakwal. Mutumin da ake tatsa a kowane shinge, in ya ga an manta da shi sau ɗaya, ba za ka ga laifinsa ba in ya ce wannan ramuwa ce.

Ni ban ce wannan magana ba ta da tushe ba. Kuma ba zan yi muku ƙarya ba: in ka je ka tambaya, mai yiwuwa ne kuɗin su ƙaru. Akwai kuma waɗanda suka yi shiru shekaru ba abin da ya same su. Amma ku duba yadda abin yake tafiya yanzu. Da can sai ma'aikaci ya tako da ƙafa ya ƙirga ɗakuna. Yau Kaduna tana da KADGIS, Kano tana da KANGIS, hukumomin da ke aiki da hoton sama da kwamfuta, suna ganin rufin kwano ɗaya bayan ɗaya, kuma wasu jihohin suna bin sahu. Gwamnatoci duka ɓangarorin biyu kuɗin shiga na cikin gida suke nema ido rufe. A 2025 hukumar birnin Abuja ta sanar da soke takardun dubban filaye saboda an daɗe ba a biya kuɗin ƙasa ba, kuma cikin waɗanda abin ya shafa har da manya masu ƙafa. Dokar 1978 ta ba da wannan dama in mai takarda ya saɓa sharuɗɗanta. Wanda ke daji da shanu ba ya ma jin sanarwar, balle ya yi hanzari.

Sannan kuskuren ofis ba ya zama yafiya. Doka a ƙasashen biyu ta bar wa hukumar haraji damar komawa baya ta gyara lissafi ta nemi ciko. Ku ɗauki lissafin Alhajinmu a matsayin misali. Tsakanin jika 60 da jika 9 akwai jika 51. In abin ya tafi haka shekara biyar, jika 255 ke nan, tun ba a yi maganar tara ba. Jika 51 a shekara ɗan kasuwa zai iya cire ta cikin ciniki bai ji ba. Jika 255 a rana ɗaya kuwa sai an taɓa garke ko jari. Kuma ba ta tashi fitowa sai ranar da ba ka so: ranar da za ka sayar da gidan mai saye ya ce a je ofis, ranar da za ka jinginar da takarda a banki, ko ranar da ba ka nan, magada suna zaune an ce sai an fitar da bashi kafin a raba. Bashin gida ba ya tafiya mashekari, nan yake zaune yana jiran mai gida.

Akwai kuma bambanci tsakanin wanda ya zo da kansa da wanda aka kamo. Wanda ya zo da takarda a hannu ya ce ku duba mini, yana da bakin roƙon a ɗauke masa tara ko a rarraba masa biya. Wanda aka gano kuwa, kallon mai ɓoyewa ake masa ko da bai ɓoye komai ba. Maganar halak da haram kuma na bar wa malamai, amma kowa ya san yadda muke kiran mutumin da aka ba shi canji ya wuce ƙima ya sa aljihu ya yi gaba.

To yaya za a yi? In an tabbatar takardar taka ce, da sunanka da lambar filinka, a biya abin da aka rubuta kafin wa'adi ya cika. Kada a ce ai kuskure ne, bari in dawo daga tafiya tukuna. Wa'adi ba ya jiran bincike. In kuwa suna ko lamba ba naka ba ne, kada a biya, a mayar da ita ofis a nemi taka. Sannan ka je da kanka, ko ka tura wanda ka amince da shi, ɗauke da takardar bana, rasit na bara da na bara waccan, takardar fili, da katin shaida. Ba ɗan tsakani ba, irin waɗanda ke zama a inuwar ƙofar ofis suna cewa kawo in shigar maka. Ka shiga ka ce: ranka ya daɗe, ga abin da na biya bara, ga abin da ya zo bana, ina so a duba mini abin da ke rubuce a kan gidana.

Wurin da mutanenmu ke faɗuwa shi ne amsar baki. Ma'aikaci ya leƙa ya ce, "Ba komai Alhaji, je ka abinka." Ka fito kana murna. Baɗi an yi masa canjin wurin aiki, wanda ya gaje shi bai san da wannan "ba komai" ba. Ka sa a rubuta maka 'yar wasiƙa, layi biyar ya isa, kwafi biyu. Ka miƙa ɗaya, a buga maka hatimi da kwanan wata a ɗayar ka tafi da ita. Ko ba su amsa ba, kana da shaidar cewa ran kaza ka zo ka faɗa. Wannan 'yar takarda ita za ta yi maka magana ran da aka ce ka ɓoye.

Kafin amsa ta fito, bambancin kuɗin nan kada a ɗauke shi riba. A ware shi. Wanda ba ya iya riƙe tsabar kuɗi, kuma na san halinmu, ya sayi ɗan rago ko tunkiya ya ce wannan ta gida ce, ba ta suna ba ce, ba ta Sallah ba ce. In ofis ya ce kawo ciko, ga ta. In ya ce ba ka da bashi, ka samu tunkiya.

Masu tafiya mai nisa, kafin a ɗaura kaya a nada wakili guda ɗaya, a gaya wa mai unguwa da 'yan haya cewa duk takardar da ta zo hannun wane za ta shiga. Takardun kuma a sa su cikin leda a jefa a gwangwani mai murfi, don gara ba ta san C of O ba. Iyayenmu mata da ke riƙe da gidajen marayu, wannan magana har da ku: in takarda tana zuwa da sunan marigayi, ko da sauƙi ko da tsada, a nemi wani cikin dangi ya raka ku a gyara, tun shaidu suna raye.

Shi Alhajin namu ya bi shawara, ko da yake da ƙyar. Ya sa aka turo hoton takardar, ya nuna wa wani yaron mota da ya yi lakwal. Suna nasa ne, sunan uba ma nasa, amma lambar fili ba tasa ba ce. Ta wani takwaransa ce a layi na biyu, mai ɗan shago guda. Tasa takardar tana nan kwance a ofis da jika sittin ɗinta, saura kwana kaɗan wa'adi ya cika. Da ya aika da jika tara, da ya biya wa takwara haraji, shi kuma tara ta hau kansa.

Sai dai bai fito yana yi mini addu'a ba. Da suka buɗe kundi sai suka ga shago uku ne a rubuce, suka tambaye shi ko har yanzu uku ne. Ya ce wallahi ya so ya ce e, sai ya tuna ɗaya daga cikin ma'aikatan a shago na huɗun yake sayen katin waya. Sun ce za su zo su auna, ta baɗi za ta ƙaru. Ya bugo mini ya ce, "Malam, ka ja mini." Na ce na ji, Alhaji, na ɗauka. Ya ce amma dai ya sa an buga masa hatimi a wasiƙar, kuma ya kai wa takwaran tasa takardar har gida, don shi ma ashe yana can yana murna bana an manta da shi.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu taɓa maganar takardar rigakafin dabbobi da ake nema wurin ƙetare iyaka. Wanda ke da tambaya a kai ya aiko tun yanzu. A kwana lafiya.